Sanatoriyam, Zaman Jegon Huhu

Duk watan Janairu sai sunan Dabos ya faɗo cikin labaran rediyo, saboda taron tattalin arziƙin duniya da shugabanni da manyan attajirai kan yi a can. Ƙaramin gari ne a cikin duwatsun Suwizalan, ya ɗara teku da mita kusan 1,560, sanyinsa kuwa ba a magana. Amma tun kafin masu kuɗi su gano shi, masu tari ne suka raya garin. Daga shekarun 1860 har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu tarin fuka daga Jamus da Rasha da Ingila da Holan suke hawowa su tare, wani wata shida, wani shekara uku, wani kuwa a nan ƙasa ta rufe masa ido. Otal ɗin Schatzalp da baƙi ke sauka a yau, da aka buɗe shi a 1900 ba otal ba ne, gidan jinyar masu tari ne. Irin wannan gida shi ake kira sanatoriyam.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga sanare, wato warkarwa. Wannan kaɗai bai raba shi da asibiti ba, don asibiti ma warkarwa ake zuwa nema. Abin da ya raba su tsawon zama ne da abin da ake dogara da shi. Asibiti wurin allura ne da wuƙar tiyata, ana so ka tashi da wuri a ba wani gadon. Sanatoriyam kuwa an gina shi ne don cutar da ba ta da allura, wadda ba a san ranar tafiyarta ba. Kayan aikinsa hutu ne, da abinci, da iska mai kyau, da doka, da watanni. Amurkawa suna da wata 'yar uwar kalmar, sanitariyam, wadda ta fi karkata ga gidan gyaran lafiya na masu hali. Mafi shahara shi ne na Battle Creek a jihar Mishigan, inda Dakta John Harvey Kellogg ya hana baƙinsa nama da giya da taba, kuma a ɗakin girkinsa aka ƙirƙiro soyayyar masarar nan ta karin kumallo da har yau take ɗauke da sunan Kellogg's a kantuna.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan jinya, ko da bai taɓa jin sunanta ba, domin kowane gida an yi zaman jego. Mace ta sauka lafiya, ungozoma ta gama aikinta, babu sauran abin da likita zai yanka ko ya ɗinke. Duk da haka ba wanda zai ce mata gobe ta ɗauki taɓarya. In haihuwar fari ce ma tana gidan iyayenta tun goyon ciki. An sauke mata girki da daka da ɗiban ruwa. Maigida ya sayo itacen wanka, an ɗora tukunya tun asuba, an tanadi ganyen darbejiya ko na runhu, a yi wanka da safe a maimaita da yamma. Ga kunun kanwa, ga farfesun ƙafar sa, ga tuwo da yajin jego, kuma ba tambayarta ake ko tana jin yunwa ba. A kanta akwai wata gwaggo ko kaka wadda ba a yi wa musu: ta ce zauna, a zauna, ta ce shanye, a shanye. In maijego ta ce ai ta ji sauƙi, tsohuwa ta harare ta ta ce jikinki ɗanye ne, yarinya. Haka za a yi ta yi har arba'in.

A duk wannan hidima babu abu ɗaya da za a nuna a ce shi ne maganin. Jikin ne ke gyara kansa, gidan kuma ya tsaya ya tsare masa hanya. Likitocin Turai na ƙarni na 19 wannan hikima suka kama, sai dai su huhu suke wa jego.

Wani likitan ƙauye a Ingila, George Bodington, ya rubuta a 1840 cewa a daina kulle masu tari a ɗaki mai ɗumi ana tsaga su ana zubar musu da jini, a fitar da su iska a ba su abinci mai kyau. Manyan likitocin zamaninsa suka yi masa dariya har ya bar harkar. Wanda abin ya karɓa shi ne Bajamushe Hermann Brehmer, da ya kafa gidansa a shekarun 1850 a ƙauyen Görbersdorf na yankin Silesiya, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan. Dalilin da ya kafa hujja da shi ba daidai ba ne, don shi a ganinsa zuciyar mai tari ce ta yi wa jikinsa ƙanƙanta, iskar tudu kuma za ta ƙarfafa ta. Amma majinyatansa suna ƙiba, zazzaɓi yana sauka, wasu suna komawa gida da ƙafarsu, to wa zai tsaya binciken hujja? Almajirinsa Peter Dettweiler, wanda shi kansa ya yi jinyar tarin a hannun Brehmer, shi ya jagoranci gidan Falkenstein da aka buɗe a 1876, ya rage yawon da malaminsa ke sa mutane, ya mai da kwanciya ita ce ginshiƙi.

Daga nan tsarin ya zauna, kuma kusan iri ɗaya ne ko'ina. A tashi da sassafe a sa ma'aunin zafi a baki, a rubuta a takarda. A ci abinci, sau biyar ko shida a yini, madara da ƙwai da man shanu da nama, ko ana so ko ba a so. Sai a fita baranda mai fuskantar rana, kowa a kan doguwar kujerarsa, an nannaɗe shi da barguna kamar jariri, ya kwanta sa'o'i yana shaƙar iska, ko da ƙanƙara na zuba. Bayan abincin rana akwai lokacin da ko magana ba a yi. Tagogi a buɗe suke kwana. Duk mako a hau sikeli, wanda ya ƙara nauyi ya yini da fara'a, wanda ya rage ya shiga zulumi. Mai zazzaɓi ba ya sauka daga gado sam. In ya lafa a ba shi izinin zama, daga nan izinin zuwa banɗaki da ƙafarsa, daga nan tafiyar minti goma, a yi ta ƙarawa sannu a hankali. Babban likita shi ne gwaggon gidan, kuma ya fi kowace gwaggo tsanani, don yana iya korar wanda ya karya doka. Hatta tari sai an koya wa mutum yadda zai danne shi, da yadda zai yi shi in ya zama dole.

Wannan na ƙarshe ya samo asali ne daga ranar 24 ga Maris, 1882, da Robert Koch ya tsaya gaban likitocin Balin ya nuna musu ƙwayar da ke haddasa cutar, ya kuma tuna musu cewa mutum ɗaya cikin bakwai ita ke kashe shi. Kafin nan yawancin likitoci gadon gida suke ɗaukarta. Da aka tabbatar ana ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, sai sanatoriyam ya sami aiki na biyu, wato raba mai tari da iyalinsa da abokan aikinsa. Dettweiler ya fito da wata 'yar shuɗiyar kwalba ta aljihu mai murfi, a tofa kaki a ciki maimakon ƙasa. Magina ma suka shigo ciki. A gidan Paimio na ƙasar Finlan, wanda Alvar Aalto da matarsa Aino suka zana aka gama a 1933, an yi tunanin mutumin da zai yi wata da watanni yana kallon sama. Aka shafa wa rufin ɗaki launi mai kwantar da ido, aka kawar da fitila daga saitin fuskarsa, aka karkatar da ɗumi wajen ƙafafunsa, aka ƙera wurin wanke hannu yadda ruwa zai zuba ba ƙara, kada ya tashi na gadon kusa. Na daɗe ban ga inda aka girmama marar lafiya kamar wannan ba. Masu gina asibitocinmu, da ke ɗora kwano a bar majinyaci yana gasuwa a watan Afrilu, da sun leƙa hotunan gidan da sun ƙaru.

A Amurka kuwa Edward Livingston Trudeau ne jagora. Matashin likita ne da ya yi jinyar ɗan'uwansa har ya rasu da tarin, shi ma daga baya ya kamu, ya tafi dajin Adirondack a jihar Niyok da niyyar ƙarasa kwanakinsa yana farauta. Sai ya ga jiki yana dawowa. Ya buɗe gidan jinyarsa a Saranac Lake a 1885, kuma bai yarda ya tsaya ga zato ba. Ya samo zomaye 15 ya kasa su uku. Biyar ya sa musu ƙwayar cutar ya kulle su a akwati cikin duhu da ƙarancin abinci, huɗu suka mutu cikin wata uku. Biyar bai sa musu komai ba amma ya tsare su a rami mai danshi, suka rame, ba su kamu ba. Biyar ɗin ƙarshe ya sa musu cutar ya sake su a wani ɗan tsibiri da rana da ciyawa, ɗaya kaɗai ya mutu. Zomaye 15 ba su isa hujja a ma'aunin binciken yau ba, amma abin da suka nuna bai tsufa ba: ba ƙwaya ba tari, sai dai abin da ƙwayar za ta yi wa jiki ya danganta da halin da ta same shi.

To, yana warkarwa? Wanda aka kawo da wuri, cutar ba ta ci huhu ba, sau da yawa yakan samu ta lafa. Likitocin gidajen ma ba su cika cewa an warke ba, sai su ce an tsayar da ita. Wanda kuwa aka riga aka ga ƙwayar a kakinsa, lissafin da aka tattara na zamanin da ba magani ya nuna kusan bakwai cikin goma sukan rasu a cikin shekara goma, kuma da yawansu sun yi zaman sanatoriyam ɗin. Wasu gidajen ma sukan ƙi karɓar wanda ciwonsa ya yi nisa, ko su sallame shi ya je ya mutu a gida, don kada ya ɓata musu lissafi. Ni a ganina babban amfanin da ba a musu a kansa shi ne na waɗanda aka bari a gida. Duk watan da uba ya yi yana tari a baranda a kan dutse, wata ne da 'ya'yansa ba su kwana ɗaki ɗaya da tarin ba.

Kuma jinyar da ba ta da magani takan haifi ƙari, domin mai jinya ba ya son a gan shi hannu rabbana. A nan ma jego yana da abin faɗa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza, musamman a watannin zafi da danshi. Suka danganta abin da yawan kanwar da ke cikin kunu, wadda gishiri ce mai tara ruwa a jiki, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Hutun daidai ne, abincin daidai ne, kulawar kuwa ba ta da na biyu, amma a cikin ƙunshin akwai abin da ke cutarwa, kuma gwaggo da zuciya ɗaya take yin sa. Sanatoriyam ma haka. Wani likitan Italiya, Carlo Forlanini, ya ce tunda hutu ne magani, a hutar da huhun kansa, a soka allura a ƙirji a hura iska har huhun ya lotsa ya daina motsi, a riƙa ƙara iskar duk bayan 'yan makonni, shekara da shekaru. In wannan bai yiwu ba sai a murƙushe jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, ko a yanke haƙarƙari shida ko bakwai ƙirjin ya rufta ciki. Wasu sun tsira ta haka, ba a hana su wannan ba, sai dai sun ƙare rayuwarsu a karkace. An kuma yi zamanin allurar sinadarin zinariya, wadda ta lalata ƙodar mutane ba ta taɓa ƙwayar ba.

Akwai inda kwatancen yake tsayawa, kuma nan ne ɗacin abin. Maijego ta san ranar fitarta. Tana ƙirga kwana, ranar arba'in ta yi kitso da lalle ta ɗaura sabon zane ta shiga yawon gaishe da dangi. Kuma a tsakiyar mutane take jinyarta, 'yan barka na shiga suna fita, ran suna gida ya cika. Mai zaman sanatoriyam ba shi da arba'in. Likita zai ɗora kunne a bayansa ya ce a ƙara wata uku, in sun cika a ƙara shida. Aiki ya tafi, alkawarin aure ya warware, yara suka girma ba su san muryarsa ba. A wasu gidajen cikin dare ake fitar da gawa ta ƙofar baya, da safe a ga gado an gyara, kowa ya yi kamar bai gani ba. Marubucin Jamus Thomas Mann ya kai wa matarsa Katia ziyara a Dabos a 1912, daga nan ya samo littafinsa na 1924 wanda sunansa ke nufin dutsen sihiri, labarin saurayin da ya je duba ɗan'uwansa na mako uku ya share shekara bakwai. Abin da Mann ya hango shi ne mutum yakan saba, har duniyar ƙasan dutse ta zame masa abin tsoro. Franz Kafka a irin wannan gida ya rasu a Kierling kusa da Biyana a 1924, tarin ya kama maƙogwaronsa har haɗiyar ruwa ta gagara.

Dabos dai ta masu hali ce. Leburan masana'anta, wanda shi cutar ta fi ci, sai da inshora ta shigo ya samu gado. Asusun inshorar ma'aikata na Jamus ya yi lissafi ya ga jinyar wata uku ta fi fanshon naƙasa araha, ya gina manyan gidaje irin na Beelitz a wajen Balin. Ingila ta sa kuɗin sanatoriyam a dokar inshorarta ta 1911. Amma leburan da ya yi ƙiba a wata uku, ɗakin nan mai danshi zai koma da aikin nan mai ƙura, shekara ba ta zagayowa sai tarin ya dawo. Shi ya sa Pendrill Varrier-Jones ya kafa ƙauyen Papworth kusa da Kambirij a 1918, inda mai tari zai zauna da iyalinsa a gida mai iska, ya yi sana'ar da ƙirjinsa zai ɗauka, a biya shi.

Gidan da aka gina don raba marar lafiya da jama'a kuwa ba ya da nisa da kurkuku, musamman in marar lafiyar ba shi da gata. A shekarun 1950 gwamnatin Kanada ta riƙa aika jirgin ruwa mai suna C. D. Howe yankin ƙanƙara na 'yan ƙabilar Inuwit. A ɗauki hoton ƙirji a cikin jirgin, wanda aka ga tabo ba ya sauka ko sallama ya yi, sai kudu, da yawa zuwa gidan jinya na Hamilton, cikin mutanen da ba sa jin harshensa. Wasu sun mutu an binne su iyalansu ba su san kabarin ba. Sai a 2019 firaministan ƙasar ya je Iqaluit ya nemi gafara. A Japan masu kuturta aka yi wa haka, a gidajen da su ma sanatoriyam ake kiransu, irin na tsibirin Nagashima da aka buɗe a 1930. Dokar tsare su ba a soke ta ba sai 1996, shekaru da dama bayan an sami maganin cutar, kuma a 2001 kotu a Kumamoto ta ce gwamnati ta zalunce su. Mu a ƙasar Hausa ta wannan ƙofar ta kuturta muka san irin waɗannan gidaje. Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, waɗanda mishan ta SIM ta karɓi gudanar da su a shekarun 1930, da Danja kusa da Maraɗi daga baya, duk matsugunan doguwar jinya ne, da gonaki da makaranta, inda mutum kan zo neman magani ya wayi gari nan ne garinsu.

Abin da ya rushe sanatoriyam daga ƙasa ya fito, ƙasar da ake takawa. A 1943 wani ɗalibi, Albert Schatz, a ɗakin binciken Selman Waksman na jami'ar Rutgers, ya ware sitireftomaisin daga wata ƙwayar halitta ta cikin turɓaya. Aka samu wani maganin mai suna PAS, sannan isoniyazid a 1952, aka gane in an haɗa su ƙwayar ba ta samun zarafin bijirewa. Marubuci George Orwell ya zo a kan gaɓa: an yi masa allurar sabon maganin a 1948, jikinsa ya ƙi ta, fata da farce suka riƙa zuba, aka dakatar, ya koma gidan jinya na Cranham, ya rasu a Janairun 1950. Gidan Trudeau ya rufe a 1954.

Duk da haka likitoci da yawa sun dage cewa magani sai da gado. Indiya ce ta raba gardamar, don tana da masu tari miliyoyi, gadajen kuwa 'yan dubbai. A 1956 aka buɗe cibiyar bincike a Madras, wadda yanzu ake kira Chennai, ƙarƙashin Wallace Fox. Aka ɗauki majinyata 193 daga unguwannin talakawa, aka kasa su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka tafi sanatoriyam shekara guda, da hutu da abinci mai kyau da ɗaki mai iska. Rabi suka zauna a gidajensu masu cunkoso, suna cin abin da suka saba, da yawa ma suna aikinsu. Magani iri ɗaya aka ba kowa, isoniyazid da PAS. Sakamakon da ya fito a 1959 ya nuna 'yan sanatoriyam sun fi ƙiba, amma wajen warkewa kusan kunnen doki aka yi. Aka bi su shekara biyar, dawowar cutar ba ta bambanta ba. Iyalan waɗanda suka zauna gida ma ba su fi kamuwa ba, domin haɗarin yana kafin a fara shan magani ne, da an fara yaɗuwar take raguwa da sauri. Masu binciken sun kuma lura cewa gidajen da aka ɗauke wa mutum shekara guda sun fi shiga ruɗani. Daga nan ƙasashe suka daina gina sanatoriyam, waɗanda ke akwai suka koma otal, ko gidan tsofaffi, ko kufai.

A Tarayyar Sobiyet kalmar ta bi wata hanya dabam, kuma can ne ta fi kama da jego na gaskiya, mai ranar shiga da ranar fita. A ƙarshen 1920 Lenin ya sa hannu a dokar da ta mai da gidajen sarauta na Kirimiya wuraren jinyar ma'aikata, har fadar Livadia ta sarkin Rasha ta zama masaukin manoma a 1925. Ƙungiyar ƙwadago ke ba ma'aikaci takardar zuwa, yawanci ta kwana 24, kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya tafi Sochi ko Kislovodsk ko Tskaltubo ta Jojiya, likita ya duba shi ya rubuta masa wankan ruwan ma'adini, da shafa taɓo, da tausa, da irin abincin da zai ci, da awon tafiyar da zai yi. Gwamnati ba don Allah take yi ba, so take ya koma bakin injin da ƙarfinsa. Har yau a Rasha da Kazakistan da Uzbekistan in mutum ya ce zai tafi sanatoriyam ba wanda zai yi masa jaje.

Yau maganin tarin fuka wata shida ne, wata biyu ana shan ƙwayoyi iri huɗu, wata huɗu iri biyu, kuma a Nijeriya da Nijar kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati. Sai dai aikin da babban likitan Dabos yake yi da tsawa bai ɓace ba, gida ya dawo. Bayan 'yan makonni tari yakan lafa, mutum ya ji garau, ya ga ba dalilin ci gaba da haɗiyar ƙwayar da ke mai da fitsarinsa ja tana tayar masa da zuciya. In ya bari, cutar ta dawo, wani lokaci ta dawo da taurin kai, ta daina jin magunguna biyu mafi ƙarfi cikin huɗun. Shi ya sa tsarin da Karel Styblo ya gwada a Tanzaniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka bayan ta ayyana cutar a matsayin annobar gaggawa a 1993, ya tanadi wanda zai tsaya ya ga an haɗiye. Ma'aikacin asibiti ne ko ɗan'uwa, aikinsa dai na tsohuwar nan ne mai cewa jikinka ɗanye ne tukuna. Mai tarin da ya bijire kuwa, a da sai a kwantar da shi watanni ana masa allura kullum, jinyar ta kai shekara biyu, wasu su kurumce. Nijar na cikin ƙasashen farko da suka gwada gajeren tsarin wata tara da aka fara a Bangaladash, kuma tun 2022 hukumar ta amince da na wata shida, duka na haɗiya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka karanta sakamakon Madras kamar ya ce abinci da hutu ba su da amfani. Cewa ya yi in akwai magani ba sai an raba mutum da gidansa ba. Ƙwaya kyauta ce, amma kuɗin mota zuwa karɓarta ba kyauta ba ne, kuma ɗan acaɓan da ya kwanta wata biyu ba wanda ke sayo masa itacen wanka. Maijego tana da al'ada a bayanta, kowa ya san abin da ke kansa, daga miji har maƙwabta. Mai tari, da mai shanyewar ɓarin jiki, da tsohon da ya rikice, ba su da irin wannan tsari, sai abin da Allah ya hore, kuma galibi mace ɗaya ce a gidan take ɗauke da nauyin, ba hutu ba lada a hannu. Mai tari ma har gudunsa ake, a ware masa kwano, alhali ta iska cutar ke bi, taga ya kamata a buɗe.

Indiyar ce kuma ta sake auna maganar abinci. A jihar Jharkhand, likita Anurag Bhargava da abokan aikinsa suka bi masu tarin huhu 2,800 da mutanen gidajensu fiye da 10,000. Kowane majinyaci an ba shi kwandon abinci duk wata tare da maganinsa. A rabin yankunan aka ƙara wa kowane mutumin gidan shinkafa kilo 5 da wake kilo ɗaya da rabi a wata, da ƙwayar bitamin. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna sabon kamu a gidajen da aka ciyar ya ragu da kashi 39 cikin 100, na huhu wanda gwaji ya tabbatar kuwa da kashi 48. A cikin majinyatan su kansu, waɗanda suka fara ƙara nauyi a wata biyun farko sun fi sauran tsira da rai nesa ba kusa ba.